Tsibiri, Teku da Marka: Matsalar Siffanta Wuri a Labaran Tafiya na Hausa

1.0 Gabatarwa

Bahaushe matafiyi ne tun fil azal, kuma adabinsa ya shaida haka. Da wuya a buɗe ɗaya daga cikin littattafan zube na farko ba a tarar da tauraronsa ya ɗaura sirdi, ko ya saɓi sanda, ya bar gida ba. Duk da haka akwai wata tambaya da manazarta ba su cika tsayawa a kanta ba, watau idan matafiyin nan ya isa inda za shi, me idonsa ke gani, kuma me alƙalaminsa ke iya kawo wa wanda ya zauna gida?

Wannan maƙala za ta duba labaran tafiya na Hausa ta fuskar siffanta wuri, watau yadda marubuci ke zana ƙasa da duwatsu da ruwa da yanayi da kalmomi, har mai karatu ya ji kamar ya je ya gano. Don a auna ƙarfin wannan fanni an zaɓi wurare biyu da suka yi hannun riga da ƙasar Hausa: tsibirin Biyoko, wanda a da ake kira Farnando Po, da garin Limbe na bakin tekun Kamaru. Mai karatun da aka sa a gaba kuwa shi ne ɗalibin Ƙanƙara ko Faskari ko Sabuwa a kudancin Jihar Katsina, wanda bai taɓa ganin teku ba. Abin da ake son nunawa shi ne, labaran tafiya na Hausa sun ƙware wajen siffanta mutane da al'amura, amma sun yi sakaci da wuri. Cewa harshen ba shi da laifi a cikin wannan sakaci. Kuma cewa halin da waɗannan yankuna uku suka shiga ya sa gyaran wannan giɓi ya zama na gaggawa.

2.0 Irin Tafiya, Irin Ido

Kafin a kama laifin marubuci ya kamata a dubi irin tafiyar da al'ada ta ɗauka tafiya ce, domin dalilin da ya fitar da mutum daga gida shi ke zaɓar masa abin da zai kalla.

Tafiye-tafiyen da suka yi suna a wurin Hausawa duk dogaye ne. Falken da ke zuwa Gwanja sayen goro yakan yi watanni a hanya, kuma abin da shi da madugunsa suka damu da shi bai wuce nisan zango da zango ba, da inda za a sami ruwa da harawa, da kuɗin fito, da sarkin da za a yi wa gaisuwa, da dajin da 'yan fashi ke tarewa. Mai niyyar aikin hajji ta ƙasa, ta Wadai da Darfur har gaɓar Bahar Maliya, yakan yi shekaru, hankalinsa kuwa yana can inda ya nufa. Almajirin da ya tafi gabas malami yake nema, ɗan ci-rani kuma sana'a. A cikin duk waɗannan, ƙasar da ake ratsawa abar ƙetarewa ce. Dutse alama ce ta hanya, kogi kuwa shinge ne da za a haye.

Gajeriyar tafiya, wadda ake fita da safe a dawo da maraice, ita ma tana nan a rayuwar Bahaushe: cin kasuwar ƙauye, da zuwa ta'aziyya, da kallon hawan salla, da fita farauta. Sai dai ba a ɗauke ta abin ba da labari ba, balle rubutawa. Wanda ya je Sheme daga Ƙanƙara ya dawo, abin da za a tambaye shi shi ne yadda ya baro mutane da yadda shanu suka yi kuɗi. Makarantar boko ce ta zo da wata sabuwar al'ada, watau a kwashi ɗalibai a mota a kai su hasumiyar Gobarau, ko rijiyar Kusugu ta Daura, ko dutsen Dala, ko Kufena, don kallo kawai, sa'an nan a ce su rubuta abin da suka gani. A wurin Turawa irin wannan rubutu na yawon yini guda tsohon fanni ne mai zaman kansa, kuma jarinsa duka siffantawa ne, tun da tafiyar yini ba ta da tsawon da za ta tara abubuwan mamaki. A Hausa kuwa ya tsaya a matsayin aikin insha'i na aji, bai kai ga zama adabi ba.

3.0 Abin da Littattafan Suka Nuna

3.1 Dorugu

Labarin tafiya mafi tsufa da aka rubuta da Hausar boko shi ne na Dorugu, yaron ƙasar Damagaram da aka kama bauta, Bajamushen nan Adolf Overweg ya 'yanta shi a Barno, sa'an nan ya bi Heinrich Barth har Tambutu. A 1855 ya ƙetare Sahara zuwa Tarabulus, ya shiga jirgin ruwa ta tsibirin Malta zuwa Faransa, ya isa Landan. A can ne ya yi wa J. F. Schön shiftar labarinsa, wanda aka buga cikin Magana Hausa a 1885. Ga mutum ke nan da ya ga hamada da teku da tsibiri cikin shekara guda. Amma abin da masu karatu suka fi tunawa a labarinsa shi ne mutane: yadda Turawa ke zama cin abinci, da tufafin matansu, da ɗabi'unsu. Idonsa mai kaifi ne ƙwarai, sai dai ɗan Adam ya sa a gaba. Garuruwa kuwa galibi jero su yake yi, kamar yadda falke ke ƙidaya zango.

3.2 Ƙagaggun labaran 1934

Gasar da R. M. East ya shirya a Zariya a 1933 ta haifar da littattafan da uku daga cikinsu labaran tafiya ne. A Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Alhaji Imam ya zaga garuruwa masu yawa, amma kowane gari dandali ne kawai na wata sabuwar karawa tsakaninsa da Malam Zurƙe, ko da wani sarki ko alƙali. Da za a musanya sunayen garuruwan, labarin ba zai yi asarar kome ba. A Ganɗoki na Muhammadu Bello Kagara, muddin jarumin yana yaƙi da Turawa a ƙasashen da marubucin ya sani, wuraren na gaske ne. Da ya wuce gabas sai ƙasa ta rikiɗe ta zama ta aljannu. Nan an ga tasirin hikayoyin Larabawa irin na Dare Dubu da Ɗaya, inda teku da tsibiri mazaunin abin al'ajabi ne. Illar wannan gado ita ce, da zarar marubuci ya bar inda ya sani, sai ya daina kallo ya koma ƙirƙira.

Shehu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ya fita daban a wuri guda, watau inda guguwar rairayi ta binne ayari a Sahara. A nan ƙasa ta tashi daga matsayin shimfiɗa ta zama ita ce mai aikatawa, ita ke kashewa ita ke bari. Wannan gaɓa ta isa hujja cewa zuben Hausa na iya ɗaukar nauyin siffanta wuri idan marubuci ya ba shi dama.

3.3 Imam da Aminu Kano

A 1943, ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu, Abubakar Imam ya tafi Ingila tare da wasu editocin jaridun Afirka ta Yamma, ya kuma rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi, wanda aka buga a 1944. A 1955 Motsi Ya Fi Zama na Malam Aminu Kano ya fito, shi ma labarin tafiya Turai ne. Sunayen littattafan nan biyu sun riga sun faɗi manufarsu. Marubutan malamai ne masu son gyaran al'umma, don haka abin da suka je nema shi ne darasi: yadda waɗancan mutane suka tsara zamansu, da abin da Arewa za ta koya. Wannan manufa ce mai daraja, kuma ta dace da zamaninta. Amma ta ƙara kafa al'adar nan ta cewa abin lura a baƙuwar ƙasa shi ne halin mutanenta, ƙasar kanta kuwa sai in an sami sarari.

4.0 Gwaji: Biyoko da Limbe

Tsibirin Biyoko yana cikin teku kudu da Kalaba, tsakaninsa da gaɓar Kamaru bai kai kilomita 40 ba. Turawan Fotugal sun iso shi wajen 1472, daga baya ya koma hannun Sifen, kuma tun 1968 yana cikin ƙasar Ikwatoriyal Gini. Dubban 'yan Nijeriya, galibinsu daga gabas, sun yi ƙwadago a gonakin kokonsa har zuwa lokacin da aka kwaso su a 1975 da 1976. Tsibirin gaba ɗayansa duwatsu ne da suka ɓullo daga ƙarƙashin teku, mafi tsawonsu ya haura mita 3,000.

Daura da shi, a gindin Dutsen Kamaru mai tsawon fiye da mita 4,000, akwai Limbe. Wani ɗan mishan, Alfred Saker, shi ya kafa garin a 1858 bayan ya baro Farnando Po, ya sa masa suna Biktoriya, sunan da aka canja a 1982. Har zuwa 1960 ana mulkin wannan yanki ne tare da Nijeriya, watau akwai lokacin da mutumin Faskari da na Biktoriya suke ƙarƙashin gwamnati ɗaya. Fataken Hausawa kuma sun daɗe da kafa unguwanni a biranen kudancin Kamaru, kamar Duwala da Yawunde. Saboda haka waɗannan wurare ba su yi wa Bahaushe nisan da za a ce ba ruwansa da su ba. To, wane kayan aiki ne harshe da adabi suka tanadar wa wanda zai siffanta su?

4.1 Tsibiri da teku

Tsibiri a tunanin Bahaushe tudu ne da ruwan kogi ya kewaye, wanda ma yakan haɗe da gaɓa da rani. A ƙasar Yawuri ana cewa gungu, daga nan ne kuma sunan Gungawa ya fito, mutanen da madatsar Kainji ta tasa daga tsibiransu a 1968. Har akwai garin Tsibiri na Gobirawa kusa da Maraɗi, wanda ke kan tudu nesa da kowace teku. Idan aka ce wa ɗalibin Sabuwa Biyoko tsibiri ne aka yi shiru, hoton da zai zo masa shi ne ɗan fili mai yashi da za a iya dasa albasa a kai. Kalmar daidai take, amma ta ƙanƙantar da abin. Dole marubuci ya ƙara da kwatance, ya ce ƙasa ce mai garuruwa da gonaki da dazuzzuka, wadda ta miƙe sama har kanta ya shige gajimare, kuma duk inda aka juya ruwa ne wanda ba a hangen ƙarshensa.

4.2 Dutse mai aman wuta

Wannan ƙirƙirarren suna ya karɓu, kuma yana da armashi. Sai dai yana ɓatar da mai karatu ta hanya biyu. Na farko, abin da dutsen ke fitarwa narkakken dutse ne da toka da iska mai guba, ba harshen wuta irin na gobarar daji ba. Lokacin da Dutsen Kamaru ya yi amai a 1999, narkakken dutsen ya gangaro ne sannu a hankali cikin kwanaki har ya datse hanyar mota ta bakin teku a yamma da Limbe. A tafkin Niyos kuwa, a watan Agusta na 1986, iska ce kawai ta taso daga ƙarƙashin ruwa ta hallaka mutum fiye da 1,700, ba tare da an ga ko tartsatsi ba. Na biyu, sunan yana sa a zaci dutsen kullum cikin amai yake, alhali kuwa yakan yi shekaru da yawa shiru, ana noma a gindinsa saboda ƙarfin ƙasarsa.

Kwatancen da ya fi dacewa yana nan a gida, a sana'ar narkar da tama. Duk wanda ya san yadda ƙazantar tama ke malalowa ja wur daga gindin murhu, ta huce ta zama baƙin kashin maƙera mai ƙofofi, ya riga ya san kamannin abin da ya gina Biyoko, kuma zai gane dalilin da ya sa yashin bakin tekun Limbe baƙi ne. Bugu da ƙari, jerin duwatsun da Biyoko da Dutsen Kamaru ke cikinsa ya miƙo arewa har tsaunukan Biu, inda tafkin Tila ke zaune a bakin wani mataccen dutse irin wannan. Littafin Ikon Allah na East da Imam, wanda ya fara fitowa a 1949, ya nuna cewa ana iya bayyana al'amuran halitta da Hausa tsantsa. Amma shi littafin koyarwa ne. Abin da aka rasa shi ne ganau da zai ɗauki wannan salo ya kai shi cikin labarin tafiya.

4.3 Ruwan sama

A nan ne harshen ya fi wadata, a nan ne kuma tarkon ya fi zurfi. Hausa tana da yayyafi, da ruwa kamar da bakin ƙwarya, da mamako, da marka. Tana da haɗuwar hadari da washewarsa, da faɗuwar damina da ɗaukewar ruwa. Amma duk waɗannan kalmomi an gina su ne a kan shekara mai rani da damina, inda ruwa baƙo ne da ake jira, ake roƙo, ake yi wa barka. Marka kanta 'yan makonni ce a tsakiyar damina.

Kudancin Katsina yana samun ruwa kimanin milimita 1,000 a shekara. Ƙauyen Debunsha, da ke yamma da Limbe a gindin dutsen, yana samun kimanin milimita 10,000, saboda iskar teku mai laima tana cin karo da dutsen ta hau sama ta zubar da abin da ta ɗauko. Waɗannan alƙaluma ba su gaya wa ɗalibi kome. Amma da za a ce masa, in an tara ruwan shekara guda na Faskari bai tsiyaye ba, zai kai wa babban mutum ƙugu, na Debunsha kuwa zai cika rijiya mai gaba biyar har ya yi ambaliya, to ya gane. Daga nan sai marubuci ya bi sawun abin da wannan ruwa ke haifarwa: ƙasar da ba a shanya hatsi a fili, da tufafin da ke fumfuna a cikin akwati, da ginin ƙasa da ba zai yi ƙarko ba, da mutanen da ba sa fasa fita don hadari ya haɗu. Siffantawa ta gaskiya ke nan, watau a nuna yadda yanayi ke juya zaman mutane. Ta wannan hanya ma ƙwarewar marubutan Hausa wajen lura da ɗan Adam za ta zama abin amfani.

5.0 Ƙafar Kwatance

Duk misalan da aka kawo a sama sun dogara ne a kan dabara guda, watau kamanta abin da ba a sani ba da wanda aka sani. Makaɗa sun daɗe da sanin wannan; Alhaji Mamman Shata, wanda ya yi zamansa a Funtuwa, har kumbon Apollo ya yi wa waƙa, mutanen karkara suka saurara suka fahimta. Amma kwatance yana da ƙafa biyu, kuma in ta gida ba ta kafu ba, ta waje ba ta da abin dogara. Wanda bai taɓa tsayawa ya dubi dutsen garinsu da idon basira ba, ba shi da ma'aunin da zai auna dutsen wata ƙasa.

Ƙasar Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa kuwa ba ta rasa abin kallo ba. Ƙasa ce ta manyan duwatsu masu sulɓi da suka yi tsiri a tsakiyar fili, da falalen duwatsu, da koguna, da ƙoramu, da fadamu, da daji mai duhuwa wanda ya haɗe da na Zamfara da na Birnin Gwari. Masana ƙasa sun nuna cewa irin waɗannan duwatsu su ma narkakku ne a asali, sai dai sun huce ne a can ƙarƙashin ƙasa fiye da shekara miliyan 500 da suka wuce, ruwa da iska suka yi ta zaizaye abin da ya rufe su har suka bayyana. Ke nan da su da na Biyoko danginsu ɗaya, bambancin shi ne wancan ya fito fili da zafinsa, waɗannan sun huce a ɓoye. Darasi guda a gindin dutse zai koya wa yaro wannan fiye da shafi goma.

Ta fuskar tarihi ma haka ne. Yusufu Bala Usman, a littafinsa kan tarihin Katsina na 1981, ya jawo hankali ga tsofaffin garuruwan kudu da yammacin ƙasar, irin su Kwatarkwashi da Kogo da Maska da 'Yandoto, waɗanda da yawansu suka kafu a gindin duwatsu saboda tsaro da ruwa da ƙasar noma. Sarautun yankin, kamar Sarkin Pauwa da Kogo, suna ɗauke da sunayen irin waɗannan tsofaffin mazaunai. Duk da haka littattafan tafiya da aka ambata sun kai mai karatu Tarabulus da Landan da ƙasar aljannu, ba su tsaya da shi a kan hanyar Funtuwa zuwa Gusau ba, inda matafiyi ke wuce Mairuwa da Sheme da 'Yankara kafin dutsen Kwatarkwashi ya tare masa ido.

6.0 Wata Suka da Amsarta

Mai yiwuwa a ce wannan tarke ya auna adabin Hausa da mudun Turawa, tun da sha'awar kallon tsaunuka da teku ɗabi'arsu ce, Bahaushe kuwa mutane ya fi darajantawa, kuma ba aibi ba ne adabi ya bi halin masu shi. Akwai ƙamshin gaskiya a nan. Ba a bukatar marubucin Hausa ya cika shafi da yabon faɗuwar rana don kawai wani Bature ya yi haka.

Sai dai sukar ta manta da abu biyu. Na farko, siffanta ƙasa yana da asali a gida. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya buɗe Infakul Maisuri ne, wanda ya rubuta a 1812, da bayanin ƙasashen wannan yanki da abin da ke cikinsu, kafin ya shiga tarihin jihadi. Alƙur'ani mai girma ya yi umurni a wurare da yawa da a yi tafiya a bayan ƙasa a yi lura. A adabin baka kuma, kirarin garuruwa da na maharba, da kacici-kacici, cike suke da lura mai zurfi game da itatuwa da dabbobi da yanayi. Na biyu, manomi da makiyayi da maharbi sun fi kowa sanin wuri: suna da suna ga kowane tudu da kwari, sun san jigawa sun san laka, sun san ƙoramar da ke ƙafewa da wuri. Ashe ke nan idon yana nan a cikin al'umma. Rubutu ne bai ɗauko shi ba.

7.0 Abin da ke Cikin Haɗari

Da a ce ƙasar tana nan yadda take, da ana iya cewa a bar wa lokaci. Amma a daren 11 ga Disamba, 2020, 'yan bindiga suka shiga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara suka kora ɗalibai fiye da 300 cikin daji, ba a sako su ba sai ranar 17 ga watan, gwamnatin jiha kuma ta rufe makarantun kwana. A watan Yuni na wannan shekara an kashe mutane masu yawa a Kadisau ta ƙasar Faskari. A ƙarshen Agustan 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin yankin, sa'an nan a watan Satumba aka katse layukan waya na tsawon watanni a ƙananan hukumomi da dama, har da waɗannan uku.

Abin da wannan ya jawo wa harshe da adabi iri uku ne. Na farko, yaran da suka tashi a waɗannan shekaru sun girma ba su san yawon yini ba, ko na makaranta ko na kiwo da farauta da ɗiban 'ya'yan itace. Babu shugaban makarantar da zai kwashi ɗalibai zuwa gindin dutse a irin wannan hali. Na biyu, kalmar daji ta canja nauyi. Da can wurin kanya da ɗinya da zuma da namun dawa ne, da ɗan abin tsoro. Ga waɗannan yara kuwa wuri ne da ake kai mutum a nemi fansa. Na uku, kuma mafi muni, idan ƙauye ya watse mutanensa suka koma Funtuwa ko Katsina, sunayen duwatsunsa da fadamunsa da kukokinsa suna tafiya ne a kan tsofaffi, kuma ba su da amfani a inda aka yi hijira. Sulhu na iya buɗe hanya, gona na iya komawa hannun mai ita, amma sunan da ya mutu tare da tsoho ba ya dawowa.

8.0 Kammalawa

An ga cewa labaran tafiya na Hausa, daga Dorugu zuwa Malam Aminu Kano, sun gaji idon falke da na malami, suka ba mutane da darasi muhimmanci fiye da wuri. An ga kuma, ta hanyar gwajin Biyoko da Limbe, cewa kalmomi irin su tsibiri da aman wuta da marka ba sa isa su kaɗai, sai an tallafa musu da kwatancen da aka ɗebo daga gida, kamar murhun tama da zurfin rijiya.

Aikin da ke gaba ya rataya ne a wuyan ɓangarori uku. Malaman Hausa na sakandare su ɗauki insha'in siffanta wuri da muhimmanci, su hana ɗalibi cewa wuri yana da kyau ko ban sha'awa sai ya faɗi launinsa da girmansa da abin da ya yi kama da shi. Ɗaliban manyan digiri su nemi dattawan ƙauyukan Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, har da waɗanda ke zaman hijira, su tattara sunayen wurare da labarin da ke bayan kowane suna tun masu shi suna raye. Marubuta kuwa su gane cewa tafiyar yini guda daga Faskari zuwa Birnin Kogo ta isa ta zama littafi, in an yi ta da ido buɗe. Hausawa sun ce gani ya kori ji. To, ga yaron da aka tsare wa hanyar gani, ba abin da ya rage masa sai jin da aka kyautata, kuma kyautata shi aikin masu alƙalami ne.